Ƙarfen da Na Wanke Sau Bakwai

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo gidanmu a unguwar Hindawiyya ta Jidda da jaka ɗaya da bargo ɗaure da igiya. Da bizar Umra ta shigo lokacin da garinsu a Sudan ya ƙi zaunuwa. Bizar ta ƙare ba ta koma ba, domin babu gidan da za ta koma. Yaya, babban wanmu, shi ke riƙe da gidan. Ya ba ta ɗan ɗakin da ke jikin kicin, ya ce ta zauna amma kada ta riƙa leƙa ƙofar waje, don ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Ni ma a gidan nake, a ɗakin sama, tun da aurena ya mutu. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, shi ya sa har na yi furfura Gwaggo ba ta daina kirana Auta ba.

Ita ta koya mini subiya. Abin sha ne da mutanen Jidda ba sa son shan ruwa a Ramadan babu shi. Ana jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a sa kirfa da hel, ƙwayar ƙamshin da ake sa wa gahawa, a rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu har ta ɗan tashi, sannan a tace, a zuba sukari, a sanyaya. Shekara biyu ita ke haɗawa, ni ke ƙullawa a leda ina miƙa wa maƙwabta a bakin ƙofa bayan la'asar. An san subiyarmu har layi na uku.

Amma ni ban taɓa samun natsuwa da ita ba. Tsakanin subiya da abin da Allah ya haramta babu wata katanga, kwana ɗaya ne da ɗan zafi. In ta daɗe ko ta yi zafi da yawa, sai ta wuce iyaka ta fara zama abin maye. Ni kuwa mutum ne da nakan yi alwala sau uku kafin in yarda na yi, nakan kai bakin titi in dawo in taɓa kwado. A gida an san ni da haka, ana yi mini dariya. Gwaggo ba ta da ma'auni sai ƙaramin yatsanta. Ta tsoma shi a tukunya, ta ɗaga kai sama kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, ta ce a matsar da ita ƙarƙashin matakala, ko a dawo da ita kusa da bango.

Na tambaye ta sau da yawa, "Gwaggo, yaya kika san ba ta wuce ba?"

"Yatsa ya sani."

"In ya yi kuskure fa? Mutane masu azumi ne za su sha."

"Tun ba a haifi ubanka ba ake tsoma yatsa, Auta. Kawo murfin."

Wannan amsa ba ta ishe ni ba. Ina son abin da zan gani da idona, in aka tambaye ni ranar gobe in ce ga abin da na dogara da shi.

A shekara ta uku, cikin Sha'aban, na je haraj, kasuwar tsofaffin kaya, neman kujera. Can na ga wata babbar tukunyar ƙarfe mai hita a gindinta. Tare da ita akwai ɗan akwati mai nuna lambobi ja, da waya doguwa mai ƙarfe a bakinta kamar fensir. Mai kayan ya ce wannan ƙarfen shi ne hassas. A cikin ruwa ake tsoma shi, shi ke jin zafi ya gaya wa akwatin. In ka saita ashirin da takwas, ruwan ya sauka ƙasa da haka, akwatin ya kunna hita. In ya kai, ya kashe. Na tsaya ina kallon lambobin kamar wanda aka nuna wa maganin ciwonsa.

Na tambaye shi na wane ne. Ya ce daga gidajen Turawa aka kwaso, mai shi ya gama aiki ya koma ƙasarsu.

"Me yake dafawa a ciki?"

Ya dube ni, ya yi murmushi da gefen baki. "Shayi mana, ya Hajji."

Da na kawo ta gida na buɗe murfin, na ji wani wari can ƙasa, ko kuma na ɗauka na ji. A gindin kwalin da aka sako ta kuma na ga gashi guda biyu, gajeru, ruwan ƙasa. Nan take raina ya ba ni cewa na kare ne. Na taɓa ji a masallaci cewa abin da kare ya lasa sau bakwai ake wanke shi, ɗaya da ƙasa. Na ɗebo yashi a bayan gida. Na wanke tukunyar sau bakwai, na ga kamar na ɓata lissafi, na sake daga farko. Sannan na ɗauko hassas ɗin. A inda waya take shiga cikin ƙarfen akwai wata baƙar roba da ta manne. Na ce in akwai najasa, ƙarƙashin robar nan take ɓoye. Na sa reza na feɗe ta, na goge wurin da yashi har ya yi ƙyalli. Gwaggo tana zaune a kan kujerar roba tana tsince sha'ir, tana kallona.

"Wannan kuma na nawa ne?"

"Na shida."

"Allah ya sa ƙarfen ya musulunta."

Tun daga ranar, duk lokacin da na sauke subiya, sai in jiƙa hassas ɗin da wayarsa a cikin roba cike da ruwan sabulu, ya wuni a ciki.

Gwaji biyu na farko a Sha'aban sun yi kyau. Na saita ashirin da takwas, lambar ta tsaya a nan, subiya ta fito daidai. Yaya ya sha ya ce ba laifi. A bakinsa wannan yabo ne babba. Na ce wa Gwaggo daga yau ta huta, na'ura ta karɓi aikin. Ta ci gaba da tsince sha'ir, domin shi kam na'ura ba ta iya ba.

Da azumi ya shiga abu ya fara canjawa. Haɗin farko, rana ta biyu da safe na ɗaga murfi na ga kumfa ta taru a sama, tana fashewa da ƙara kaɗan-kaɗan. Na dubi akwatin. Ashirin da takwas. Ina azumi, ba damar ɗanɗanawa. Na tsaya ina shinshinawa har kaina ya fara juyawa, daga baya kuma na shiga damuwar ko shinshina irin wannan yana taɓa azumi.

Gwaggo ta shigo, ta ɗora bayan hannunta a jikin tukunyar.

"Auta, tukunyarka na zazzaɓi."

"Ga lamba nan. Ashirin da takwas."

"Ni ban yi makaranta ba, amma na yi jinya. Yaron da jikinsa ya yi haka ba a barinsa a rufe."

Na ce mata ƙarfe ne, ƙarfe kullum yana riƙe ɗumi. Ni kaina ban taɓa tukunyar ba. Ina tsoron in taɓa in ji abin da ta ji, in rasa wanda zan gaskata. Na tace, na zuba sukari, na sanyaya, na ƙulla. Na sayar da ita duka a ranar uku ga wata, saboda lamba ta ce lafiya lau.

Washegari bayan azahar wani maƙwabcinmu ya buga ƙofa. Yaya ya buɗe. Mutumin ya ce leda biyu ya saya, ɗaya suka sha, ɗaya ya manta da ita a mota ta kumbura ta fashe. Ya ce motarsa tana wani irin wari da ba zai iya faɗin sunansa da bakin azumi ba. Ya ce shi ba mai kai ƙara ba ne, amma ba kowa ne kamarsa ba, kuma baladiyya, hukumar gari, ba ta wasa da abin da ake haɗawa a gida. Yana faɗin baladiyya na ga wuyan Yaya ya ƙage. In masu bincike suka shigo gidan, ba tukunya kaɗai za su gani ba. Za su ga tsohuwa babu takarda, sannan a tambayi wanda ya ajiye ta, a kira kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar.

Da mutumin ya tafi Yaya ya juyo kaina.

"Kai da kake wanke hannu har fata ta saɓule, kai ne za ka shayar da unguwa giya a Ramadan?"

"Na'urar ta nuna daidai, Yaya."

"To nemo abin da bai yi daidai ba. In ba haka ba, kai da tukunyar duk titi."

Na shiga nema. Na canja soket, don wai ko wutar ce ke rawa. Na matsar da tukunyar daga gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don wai ko sanyinsa ke ruɗa akwatin. Na zauna na sa ido a kan ɗan fitilar da ke nuna hita tana aiki, na ga tana daɗewa a kunne, amma na ce haka tsarinta yake. Na danna maɓallan na goge saitin, na sake sawa. Na rage zuwa ashirin da shida. Na sayo sabon sha'ir daga wani shago dabam. Hassas ɗin kuwa na ƙara masa wanka, don ina zaton wata ƙazanta ce ta maƙale masa. Haɗi na biyu ma ya yi kumfa, na juye shi a magudana ina istigfari. Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Wani lokaci in na sauko daga sama sai in tarar akwatin a kashe, filogi a ƙasa. Na ɗauka soket ɗin ne ya saki.

Ranar bakwai ga wata, bayan azahar, na sauko ba takalmi. Gwaggo tana tsaye a kan tukunyar, murfi a hannun hagu. Na ga ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta tsotsa, ta sake tsomawa. Ita ba ta azumi saboda ciwon sukari, ciyarwa ake yi mata. Sannan ta sunkuya da kyar ta zare filogin.

"Gwaggo."

Ba ta firgita ba. "Tana ƙonewa, Auta. In ban kashe ba, kafin la'asar ta wuce."

"Tun yaushe kike yin haka?"

"Tun da ta fara zazzaɓi."

Wani irin sauƙi ne ya sauko mini, ina jin kunyar faɗinsa yanzu. Na samu mai laifi, kuma ba ni ba ne.

Da aka sha ruwa, muna zaune a kan tabarma da dabino da miya, na faɗa. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na gani ba. Na ce tana tsoma yatsa ta kai baki ta mayar, kuma tana zare filogi. Matar Yaya ta ajiye kofinta.

"Wato duk kwanakin nan yawun tsohuwa muke sha?"

"Ba ke kaɗai ba," in ji Yaya. "Har layi na uku."

Matarsa ta ce, "Dama na ce wannan subiyar tana da wani ɗanɗano. Ashe miyau ne ke tayar da ita. Gwaggo, da kin faɗa ai da ba a sayi yis ba a gidan nan."

Gwaggo tana riƙe da dabino ɗaya, ba ta ci ba. Ta dubi Yaya. "Ɗana, tukunyar ce ke zafi. Ka taɓa ka ji."

"Na'urar Bature ta ce ashirin da takwas, ke kin ce zazzaɓi. Wa zan bi? Ke da ba ki san ɗaya daga biyu a rubuce ba?"

"Na san zafi."

"Kin san zafi. Kin san abin da za a yi mini in aka same ki a gidan nan? An ba ki ɗaki, an ba ki abinci, an ce ki zauna shiru. Sai da kika jawo mana baladiyya har bakin ƙofa."

"Ni na goya ka ranar da uwarka ta kwanta haihuwar wannan," ta nuna ni da haɓa.

"An gode. Goyon ya ƙare. Halas."

Ya ce akwai wani ɗan'uwan marigayi mijinta da ke gadin sito a Khumra, can kudancin gari. Akwai ɗaki a bayan siton, babu mai leƙawa. Ranar Juma'a bayan salla za a kai ta. Ranar Lahadi ce muke wannan magana. Matar Yaya ta ce dama tana neman inda za ta ajiye injin wanki. Gwaggo ta mayar da dabinon cikin faranti, ta dafa bango ta tashi. Ni na ci gaba da cin abincina, har na ƙara miya.

Da safe na sa kwado a ƙofar ɗakin da tukunyar take, na rataya makullin a wuyana. Na yi sabon haɗi, na saita ashirin da shida. Babu yatsa, babu mai zare filogi. Ranar Talata da hantsi, kwana ɗaya kacal, na buɗe ƙofar, warin ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Kumfa ta ɗaga murfin ta zubo har ƙasa. Ba ta taɓa lalacewa da sauri haka ba. Akwatin yana nuna ashirin da shida, fitilar hita a kunne. A karon farko na ɗora tafin hannuna a jikin tukunyar. Zafinta ya kai na goshin mai masassara, ya ma fi. Na rufe ƙofa da sauri, na juye, na wanke ƙasa da sabulu mai ƙamshi kafin kowa ya ji.

Ranar Laraba na naɗe akwatin da hassas a cikin tawul na shiga mota zuwa Khumra. Akwai wani mai gyaran firji da injinan sanyi, mutumin Nijar, da aka taɓa kwatanta mini. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana kwance wata tsohuwar fanka. Na yi masa bayani mai tsawo, na fara tun daga haraj. Bai bari na gama ba. Ya shiga ciki ya fito da kofi cike da ƙanƙara, ya zuba ruwa kaɗan, ya juya, ya jona akwatin, ya tsoma hassas.

"Ruwan ƙanƙara sifili ne, ko a Jidda ko a Damagaram. In sonde ɗinka na da gaskiya, sifili za ta ce."

Lambar ta yi ta sauka. Ta wuce sifili ba ta tsaya ba. Sai da ta kai goma sha ɗaya ƙasa da sifili, tana rawa, ta hau ta sauka.

"Ka gani? Maƙaryaciya ce. Tana rage goma sha ɗaya, wata rana fiye. In ta ce maka ashirin da takwas, ruwanka ya kusa arba'in. Akwatin ba shi da laifi, abin da aka gaya masa yake bi. An ce masa da sanyi, shi kuma ya yi ta hura wuta." Ya ɗaga ƙarfen ya kai kusa da ido. "Wa ya cire robar nan?"

Na kau da kai.

"Har an kankare wurin. Da me, yashi?" Ya girgiza shi, ɗigon ruwa ya fito daga inda waya ta shiga. "Ta sha ruwa ta ƙoshi. Robar nan ita ke hana ruwa shiga. Bakin kawai ake tsomawa, ba a jiƙa wayar. Wanka kake yi mata?"

"Don tsabta ne."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Malam, ko yatsa ka tsoma ai da ka ji. Babu tsohuwa a gidanku?"

Ya ɗauko sabon hassas daga aljihun tebur, ya kwance ƙananan kusoshi biyu a bayan akwatin, ya ɗaura. Ya tsoma a ƙanƙara, sifili. Ya ce in riƙe bakin a cikin tafin hannuna, lambar ta hau ta tsaya wajen talatin da biyar. Ya ce kafin kowane haɗi in yi gwajin ƙanƙara, kuma in bar robar ta zauna lafiya. Ya miƙo mini tsohon, ya ce in ajiye don tarihi.

A hanyar dawowa na shirya maganar da zan yi. Zan ce Yaya, hassas ne ya lalace, ni na lalata shi, Gwaggo ita ce ma ke ceton subiyar da take zare filogi. Na maimaita ta a raina tun daga Khumra har unguwar Kurayyat. Daga nan sai wasu tunani suka fara shigowa. In na faɗa, to subiyar uku ga wata a wuyana take ni kaɗai. Mutane sun wuni da ƙishirwa sun buɗe baki da abin da ban san iyakarsa ba, saboda na feɗe roba da reza a kan gashi biyu da ban ma tabbatar na kare ba ne. Yaya ya riga ya ce ni da tukunyar duk titi. Ko bai kore ni ba, matarsa za ta ba kowace mace a layin labarin wanda ya yi wa ƙarfe wankan tsarki, har in mutu da shi za a riƙa kirana.

Da aka sha ruwa na buɗe baki. "Yaya, game da tukunyar nan."

"Me kuma? Ka gano aljani a ciki? Ko za a kira malamai su yi mata ruƙiyya?"

Matarsa ta ce, "Bar shi, ƙila tukunyar ce ba ta fuskanci alƙibla ba."

Suka yi dariya. Gwaggo ba ta wurin, tun ranar Lahadi a ɗakinta ake kai mata abinci. Na ce, "Babu komai. Zan sake gwadawa ne." Ya ce in gwada, yanzu ai babu mai sa hannu.

Na hau sama na zauna ina tantance maganata ta ranar Lahadi kalma-kalma, yadda nake tantance alwala. Ta tsoma yatsa? Ta tsoma. Ta kai baki? Ta kai. Ta zare filogi? Ta zare. Ban yi ƙarya ba. Hukuncin kuma Yaya ne ya yanke, ba ni ba. Kuma ko babu subiya, zamanta a gidan haɗari ne gare mu duka. Na jera waɗannan dalilai, kowanne da gaskiyarsa, na ji sun tsaya. Ni da ɗigon ruwa a kan wando yake hana ni salla sai na canja, wannan bai hana ni komai ba.

Ranar Juma'a bayan salla ni na ɗauki jakarta da bargon. Igiyar da ta zo da ita ce ta sake ɗaurewa. Matar Yaya ta tsaya a ƙofar ɗakin da tef ɗin awo a hannu, tana jira a fita. Yaya ya ce, "Yalla, rana na yi." A mota Gwaggo ta zauna a baya ta rufe fuska. Muka wuce ta gaban rumfar mai gyaran nan, na juya kaina ɗaya gefen.

Ɗakin yana bayan siton tayoyi. Rufin kwano ne, taga ɗaya ƙarama can sama, fanka a ƙasa mai fiffike biyu. Babu mukayyif. Mai gadin ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na ajiye jakar, na jera mata magungunanta a kan bulo. Zafin ɗakin ya sa rigata ta manne a bayana kafin in miƙe. Yaya ko shiga bai yi ba, yana mota yana danna hon.

Haɗin da na yi da sabon hassas ya fito kamar na shekarun baya. Babu kumfa, ƙamshin kirfa, ɗan tsami kaɗan a ƙarshen harshe. Na gaba ma haka, da na bayansa. Maƙwabcin nan ya dawo ya saya, ya ce yanzu ne aka yi magana. Yaya ya ɗaga kofi a gaban kowa.

"Kun gani? Tun da aka fitar da yatsan nan. Da na biye wa tausayi da yanzu muna Tarhil."

Tarhil shi ne inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ya juyo ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. "Waswasinka ya yi rana sau ɗaya. Kai ka kama ta." Duk kofin da ya yi daɗi ya zama shaida a kanta, kuma ni ke tace shi da hannuna.

A goman ƙarshe na cika gora ɗaya mai sanyi, na naɗe ta da jarida, na tafi Khumra bayan azahar. Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa inda inuwar sito ta faɗo, ta jiƙa mayafi ta ɗora a ka. Ta rame. Ƙafafunta sun kumbura. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi Yaya da matarsa, ta tambaya ko injin wankin ya shiga ɗakin. Na ce ya shiga.

Na zuba mata a kofi, kaɗan saboda sukarinta. Ta shinshina, ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye.

"Wannan ba ta yi zazzaɓi ba."

"A'a."

"Kwana biyu cif, a ɗumi mai kyau." Ta sake kurɓa. "Me ka gyara, Auta?"

Tsohon hassas ɗin yana aljihuna a lokacin, naɗe cikin leda. Na taho da shi ne don in nuna mata. Ina jin bakinsa yana sokin cinyata.

"Babu, Gwaggo."

"Babu," ta maimaita.

"Haka dai ta daidaita."

Ta daɗe tana kallona. Wata babbar mota ta shigo siton, ƙura ta taso, ta ja mayafi ta rufe kofin har ta lafa.

"To. Ashe ni ce."

Ta shanye sauran, ta goge baki da gefen mayafi, ta miƙo mini kofin.

"Ungo. In ka je gida ka wanke shi da kyau, na sa baki. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."

Na karɓa. Na zauna kaɗan, na ce la'asar ta gabato, akwai masu jiran subiya a ƙofa. Ta ce in yi sauri kada su jira.